Darasi na Tara: Ƙwayoyin Nano da Hasken Infirared Wajen Gano Iyakar Ciwon Daji

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. faɗin ma'anar nanomita da ƙwayar nano;
2. bayyana hasken infirared na kusa, da dalilin da ya sa yake ratsa tsoka;
3. kawo hanyoyi uku da ƙarin daji ya bambanta da lafiyayyen nama ta fuskar sinadarai;
4. bayyana yadda ƙwayar nano take kunna haske a cikin ƙari;
5. tantance abin da ya riga ya shiga asibiti da abin da yake hannun masu bincike har yanzu.

Gabatarwa

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum sama da 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu sanadiyyarsa. Sankarar mama ce kan gaba, da mutum sama da 32,000.

Tiyata tana cikin manyan hanyoyin maganin wannan ciwo, amma likitan fiɗa yana da wata matsala babba. Idan ya buɗe jiki, abin da ya dogara da shi wajen sanin inda ƙari ya ƙare shi ne idonsa da yatsunsa da hotunan da aka ɗauka kafin aiki. Daji kuwa ba ya shata iyaka. Yakan miƙa 'yan saiwoyi cikin naman da ido yake ganin lafiyarsa ƙalau. In likita ya bar ɗan kaɗan, ciwon yana iya dawowa. In ya yanke fiye da kima, ya nakasa majinyaci. Ilimin da za mu koya yau an gina shi ne don a sa ƙarin ya nuna kansa da kansa, ta hanyar haske.

1. Ƙanƙantar nano

Tela yana awo da inci da santimita. Maƙeri da kafinta sukan sauko zuwa milimita. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan ɗaya, kowane kashi shi ne nanomita.

> AKWATIN KALMOMI
> Nanomita: kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita.
> Ƙwayar nano: ɗan ƙanƙanin abu da faɗinsa yake tsakanin nanomita 1 da 100 ko kusa da haka.
> Ƙari: tarin ƙwayoyin halitta da suke yaɗuwa ba bisa tsarin jiki ba. Akwai ƙarin da ba daji ba, akwai na daji.

*Misali na 1.* Kaurin silin gashin kai ya kai kimanin nanomita 80,000. A ce faɗin wata ƙwayar nano nanomita 40 ne. Guda nawa za a jera kafin su cike kaurin gashin?

80,000 ÷ 40 = 2,000.

Ke nan sai an jera guda 2,000. Ƙwayar jan jini ɗaya kuwa faɗinta kimanin nanomita 7,500 ne, wato ta ninka wannan ƙwaya kusan sau 190. Shi ya sa ƙwayar nano take iya bin jini ta shiga lungunan da babu wani ƙarfen likita da zai kai.

Ana ƙera ƙwayoyin nano da zinariya, ko silika wanda shi ne sinadarin yashi, ko kabon, ko polima, wato sinadari mai siffar dogayen zarurruka. Akwai wasu da ake kira ɗigon kwantam, waɗanda launin haskensu yake canzawa gwargwadon girmansu. A kansu ne Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov suka samu kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2023.

2. Hasken da ido ba ya gani

Masu sauraron rediyo sun saba da jin ana cewa gajeren zango da matsakaicin zango. Dattawan Kaduna za su tuna kama Rediyon Tarayya a kan mita 49. Haske ma igiya ce irin ta rediyo, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, har da nanomita ake auna shi. Idon ɗan Adam yana ganin abin da yake tsakanin nanomita 400 da 700. Shuɗi yana ɓangaren ƙasa, ja yana ɓangaren sama. Da an wuce ja, ido ya daina gani, amma hasken yana nan.

William Herschel ne ya gano haka a Ingila a 1800. Ya rarraba hasken rana zuwa launuka, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda babu wani launi, sai ya ga zafin ya ƙaru.

> AKWATIN KALMOMI
> Infirared: hasken da zangonsa ya fi na ja tsawo, ido ba ya ganinsa.
> Infirared na kusa: ɓangaren da yake dab da ja, daga kimanin nanomita 700 zuwa sama. Likitoci sun fi aiki da 700 zuwa 900, masu bincike kuma suna gwada 1,000 zuwa 1,700.
> Ƙyalli: halin wasu rinai na shan haske, sannan su mayar da shi da zango mafi tsawo.

*Misali na 2.* Ku ɗauki rimot ɗin talabijin, ku danna maɓalli kuna kallon bakinsa. Ba za ku ga komai ba. Yanzu ku kalle shi ta kyamarar waya. A yawancin wayoyi za ku ga ɗan haske yana walƙiya. Wannan infirared ne mai zangon kimanin nanomita 940. In kyamarar baya ba ta nuna ba, ku gwada ta gaba.

*Misali na 3.* Da dare ku kunna tocilan ɗin waya, ku ɗora yatsa a kai. Hasken tocilan fari ne, amma yatsan ja zai yi. Dalili shi ne jini yana shanye shuɗi da kore, ya bar ja ya wuce. Infirared na kusa ya ma fi ja wucewa, domin jini da ruwan jiki da baƙin fata duk ba sa shansa sosai a wannan zango. Masanin da ya fara nuna cewa za a iya leƙa cikin jiki da wannan haske shi ne Frans Jöbsis, a 1977.

Da yawanmu an taɓa yi mana awo da shi ba mu sani ba. Na'urar nan da nas take maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin, wadda ta yi suna lokacin annobar korona, tana haska ja mai nanomita 660 da infirared mai 940, ta kwatanta yadda jini ya sha kowanne.

3. Abin da ya bambanta ƙarin daji

Ƙarin daji yana iya kama da naman da yake kewaye da shi a ido, amma yadda yake ci da numfashi daban ne. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci.

Na ɗaya, tsami. A shekarun 1920 Otto Warburg na Jamus ya lura cewa ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari fiye da kima, kuma ba sa ƙona shi har ƙarshe ko da akwai oksijin. Suna mayar da shi asid ɗin laktik, wato sinadarin da yake sa nono tsami, su zubar da shi waje. Saboda haka ruwan da yake kewaye da ƙwayoyin daji ya fi na sauran jiki tsami.

Na biyu, ƙarancin oksijin. Ƙari yana girma da sauri fiye da yadda jijiyoyin jini za su bi shi. Oksijin kuwa ba ya nisa daga jijiya fiye da kashi 1 ko 2 cikin 10 na milimita. Sai tsakiyar ƙarin ta zauna cikin ƙarancin iska. Wannan yana da tasiri a magani, domin ƙwayoyin da ba su da oksijin sun fi jure maganin gasa ƙari da na'ura, har kusan ninki uku.

Na uku, enzayim masu yanka. Don daji ya buɗa wa kansa hanya, yana fitar da enzayim da yawa masu yayyanka furotin ɗin da ya riƙe nama.

> AKWATIN KALMOMI
> pH: ma'aunin tsami, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Saukar lamba ɗaya tana nufin tsami ya ninka sau 10.
> Enzayim: furotin da yake hanzarta wani aiki a jiki, kamar narkarwa ko yankawa.
> Sensa: duk abin da yake jin wani canji, ya kuma ba da alamar da za a iya gani ko aunawa.

*Misali na 4.* Ruwan lemon tsami yana wajen pH 2, nono mai tsami wajen 4 zuwa 4.5, jinin lafiyayyen mutum kuma 7.35 zuwa 7.45. A kewayen ƙwayoyin daji sau da yawa ana samun 6.5 zuwa 6.9. A ce jini yana 7.4, ƙari yana 6.8.

7.4 − 6.8 = 0.6.

A rubuce tazarar ba ta da yawa. Amma tunda lamba ɗaya ninki 10 ce, saukar 0.3 tana daidai da ninki biyu, saukar 0.6 kuma ninki biyu sau biyu, wato kimanin ninki 4. Wannan bambanci ne ake son sensa ta kama.

*Misali na 5.* Ku jiƙa zoɓo ba sukari, ku raba shi kofi uku. Ku bar na farko yadda yake. Ku matsa lemon tsami a na biyu, jansa zai ƙara fitowa. Ku zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a na uku, zai yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi ko kore. Rinin zoɓo ya ji canjin pH, ya nuna shi da launi, don haka sensa ne. Sai dai launinsa ba ya ratsa tsoka, kuma a hankali yake sauyawa. Likita yana buƙatar wanda zai yi magana da infirared, ya kuma kama bambanci ɗan kaɗan.

4. Yadda ƙwayar nano take aiki

Aikin yana bin matakai huɗu.

*Mataki na farko: allura.* Ana sa ƙwayoyin a jijiya kafin tiyata, su bi jini su zaga jiki.

*Mataki na biyu: taruwa.* Jijiyoyin da ƙari yake ƙirƙira cikin gaggawa bangonsu yana da ɓaraka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ta waɗannan kafofi ƙwayoyin suke fita daga jini su maƙale a cikin ƙari. Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda na Japan ne suka bayyana wannan a 1986.

*Mataki na uku: kunnuwa.* Nan ne hikimar take. Mu ɗauki ƙwayar da Jinming Gao da Baran Sumer suka jagoranci ƙerawa a jami'ar UT Southwestern da ke Dallas a Amurka. An yi ta da zarurrukan polima, kowanne ɗauke da wani koren rini mai ƙyalli, wanda aka amince da amfani da shi a asibitocin Amurka tun 1959. A pH na jini zarurrukan suna dunƙule wuri ɗaya, rinin ya cunkushe, kowane ɗigo yana shanye hasken ɗan'uwansa, don haka ƙwayar ba ta haske. Da ta shiga wuri mai tsami, zarurrukan sai su ɗauki caji iri ɗaya, su ture juna, dunƙulen ya wargaje, rinin ya samu sarari ya fara ƙyalli. Sauyin pH da bai kai 0.25 ba ya isa ya kai ta daga kashe zuwa kunne.

*Mataki na huɗu: gani.* A ɗakin tiyata ana haska wurin da infirared mai zangon kusan nanomita 800. Kyamara ta musamman tana ɗaukar hasken da ya dawo, kwamfuta ta sa masa launi, likita ya ga ƙarin yana haske a allo.

Da irin wannan dabara ake auna sauran alamomin biyu. Akwai rinin da oksijin yake dusar da haskensa, saboda haka inda iska ta yi ƙaranci nan yake fi haske. Akwai kuma wanda ake ɗaure shi da wani sinadari mai danne haske, sai enzayim ɗin daji ya tsinke ɗaurin sannan ya kunnu. Ralph Weissleder da abokan aikinsa a Boston sun nuna rinin da enzayim yake kunnawa a jikin ɓeraye a 1999.

5. Ina aka kwana?

Wajibi ne a rarrabe matakai uku.

*Abin da aka amince da shi.* A Nuwamba 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Cytalux don tiyatar dajin ƙwan mace, a Disamba 2022 kuma ta ƙara da na huhu. Rini ne mai ƙyallin infirared da yake manne wa ƙwayoyin daji, ba ƙwayar nano ba. A Afrilu 2024 ta amince da Lumisight, wanda enzayim suke kunnawa, don tiyatar sankarar mama.

*Abin da ake gwadawa a jikin mutane.* Ƙwayar Dallas mai jin tsami an fara gwada ta a Groningen ta ƙasar Holan a kan majinyata 30 masu daji iri huɗu, aka wallafa sakamakon a 2020. Ƙwayoyin silika na Jami'ar Cornell, waɗanda ba su kai nanomita 10 ba har ƙoda tana iya fitar da su ta fitsari, an wallafa gwajinsu na farko a kan masu dajin fata a 2014.

*Abin da yake matakin dabbobi.* A 2002 masana a Jami'ar Rice suka gano cewa siraran bututun kabon suna ƙyalli da infirared. A 2018 masu bincike a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York suka dasa irinsu a cikin ɓeraye, suka gano wani furotin da dajin ƙwan mace yake fitarwa.

'Yan Najeriya suna da hannu a wannan fage. Farfesa Samuel Achilefu ya jagoranci ƙera tabarau da likita yake sakawa ya ga hasken ƙari kai tsaye, aka fara tiyata da shi a Fabrairu 2014 a birnin St. Louis na Amurka. Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, ya yi bincike mai yawa da ɗalibansa kan ƙwayoyin nano masu neman ƙwayoyin sankarar mama.

6. Iyakar wannan fasaha

Na farko, hasken ba ya nisa. Abin da kyamara take gani bai wuce zurfin 'yan milimitoci zuwa kimanin santimita ɗaya ba. Shi ya sa amfaninsa ya fi yawa bayan an buɗe jiki, kuma bai maye gurbin sikanin ko hoton mama ko MRI ba.

Na biyu, yawancin ƙwayoyin ba sa isa inda aka aike su.

*Misali na 6.* A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara 10 da aka yi a kan dabbobi, ta samu cewa a matsakaicin lissafi kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na abin da aka yi allurarsa yake isa ƙari. Cikin ƙwayoyi 10,000, nawa ne suka isa?

10,000 × 0.7 ÷ 100 = 70.

Saura 9,930 yawancinsu hanta da saifa ne suke tsare su. Saboda haka dole a tabbatar ƙwayar ba guba ba ce, kuma jiki yana iya fitar da ita.

Na uku, ba daji kaɗai ne yake da tsami ba. Wurin da ya kumbura ko ya yi ruwa shi ma yana iya haske. Har gobe, hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da yake duba yankin tsoka a madubin ƙara girma.

Na huɗu, launin fata. A 2020 wani bincike na Jami'ar Michigan ya nuna cewa na'urar auna oksijin ta yatsa ta fi kasa gano ƙarancin iska a baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata. Duk na'urar da take aiki da haske ta cikin fata, haƙƙinmu ne a gwada ta a kan irin fatarmu.

7. Abin da ya shafe mu yau

*Misali na 7.* A ce wata baiwar Allah a Kurmin Mashi ta ji ƙullutu a mamanta, ba ya ciwo. Kada ta jira ya fara ciwo, domin sankara a farkonta sau da yawa ba ta ciwo. Ta je asibitin da ya fi kusa a duba ta. In da buƙata za a tura ta babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a yi sikanin, a ɗebi ɗan yankin tsoka a gwada. Yawancin ƙullutun mama ba daji ba ne. In kuwa shi ne, akwai tiyata da allurar kemo, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da masu ciwon daji.

*Misali na 8.* A ce wani ya zo unguwa da kwamfuta, yana cewa in ka riƙe wani ƙarfe na minti biyu na'urarsa ta nano za ta gano maka daji. Ku auna maganarsa da abin da muka koya. Sensar gaskiya allurarta ake yi a asibiti, sai da kyamara ta musamman ake ganinta, kuma zurfin ganinta kaɗan ne. Wanda ya ce yana ganin hanta da ƙoda daga tafin hannu ba wannan ilimi yake yi ba.

Taƙaitawa

Ƙarin daji ya fi lafiyayyen nama tsami, ya fi shi ƙarancin oksijin, ya fi shi yawan enzayim masu yanka. Ƙwayar nano tana jin wannan bambanci, ta mayar da shi hasken infirared da yake ratsa tsoka, likita ya ga iyakar ƙarin. Kaɗan daga rinayen sun shiga asibiti a ƙasashen waje, yawancin ƙwayoyin nano kuwa ana kan gwada su.

Tambayoyin bita

1. Mene ne nanomita? Nanomita nawa ne a milimita ɗaya?
2. Idan faɗin ƙwaya nanomita 25 ne, guda nawa za su cike kaurin gashi mai nanomita 80,000?
3. Me ya sa yatsa yake yin ja a kan tocilan?
4. Kawo na'urori biyu da ka sani masu aiki da infirared.
5. Lissafa alamomi uku na sinadarai da suka bambanta ƙarin daji.
6. Tsakanin pH 7.4 da pH 6.4, wanne ya fi tsami, kuma sau nawa?
7. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa ƙwayar Dallas ba ta haske a cikin jini amma tana haske a cikin ƙari.
8. Cikin ƙwayoyi 50,000, nawa ne za su isa ƙari bisa lissafin kashi 0.7 cikin 100?
9. Cike gurbi: Ɗan Najeriyan da ya jagoranci ƙera tabarau na ganin daji shi ne ________.
10. Gaskiya ko ƙarya: in wuri ya yi haske a allo, tabbas daji ne. Kawo hujja.

Aikin gida

Ku yi gwajin zoɓo a gaban iyalinku, ku rubuta launin kowane kofi, ku kawo aji. Sannan kowa ya isar wa mutum uku na gidansa da wannan saƙo: ƙullutu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko zubar jinin da ba a saba gani ba, a kai shi asibiti tun yana ƙarami, domin duk ƙwarewar na'ura, dajin da aka kama da wuri shi ya fi jin magani.